Kati Ba Ya Liƙuwa a Kafaɗar Amarya

Anti Losaline, ki taimake ni don girman Allah, ɗan cikina yana neman mayar da ni 'yar kallo a bikin da ni ce mai babbar kujera.

Ni 'yar Vava'u ce, a ƙasarmu Tonga, amma na tsufa a nan Sydney ina aikin wanki a gidan kula da tsofaffi. Lokacin da maigidana Sitani yake raye, in za mu gida, kuɗi yake canjowa in ɗinke su a cikin ɗamarata, ina tafiya ina ƙara kamar busasshen ganyen ayaba. A saman jirgin ruwa muke kwana kan tabarma, ƙamshin hayaƙin ɓawon kwakwa ya tarye mu tun ba mu hango rufin coci ba. Ina kewar wannan zamani, Anti.

Bara na je gida taron tara wa cocinmu kuɗi, ɗana Taniela ya ba ni katin banki, wai yanzu ba a yawo da tsabar kuɗi. To kin san halinmu. Yarinya ta fito rawa, jiki ya sha man kwakwa yana sheƙi, wa zai zauna? Sai ki tashi ki liƙa mata a kafaɗa, a wuya, a damtse. Haka aka yi mini ina budurwa, gwaggona ta liƙa mini kuɗin doyarta kakaf tana hawaye. Kullum sai in je na'urar cire kuɗi a garin Neiafu in ciri kaɗan, ina cewa ya isa. Kafin yamma sai ga jikar wance ta fito, in sake komawa. Na'urar kuma ta tambaye ni, da dalar Ostiraliya ko da pa'anga, kuɗinmu na Tonga? Sai in danna dala. Gaskiya ban ƙara sanin darajar kuɗinmu ba, a kaina burodi yana nan a farashin da na baro shi.

Da na dawo, Taniela ya duba wayarsa ya dafe kai. "Mama, ashe banki ma rawa ya yi miki? Ai ya fi 'yan matan samun liƙi!" Na yi dariya, amma abin ya sosa min rai. Yanzu ga bikin Kalolaine, 'yar ƙanena, ya taso, ni ce babbar gwaggo, kowa ni zai zuba wa ido. Shi kuwa ya kafe, wai katin zai zauna a aljihunsa, in ina so in yi magana. In miƙa wa ɗana hannu a gaban dangi, amarya tana tsaye tana jira? Gara in ce ƙafa ke ciwo in yi zamana. Amma ƙanen nawa ya rasu, ba wanda ya rage mata a ɗakinmu sai ni. Yaya zan yi?

Gwaggon Amarya, yammacin Sydney

Gwaggon Amarya,

Maganar ciwon ƙafa ki ajiye ta, za ki bikin nan. Taniela bai yi ƙarya ba, kuɗi sun zube, kuma guminki ne na shekaru. Amma ba liƙi ya cinye su ba, hanyar cirewa ce, ita kuwa tana gyaruwa.

Duk lokacin da kika sa kati a can, mai na'urar yana yankar nasa, bankinki na nan ma yana iya yankar nasa, ko kaɗan kika cira ko da yawa. Saboda haka ki zauna tun a nan ki yanke abin da za ki kashe, ki ƙara wani abu a kai don na san zuciyarki, ki cire shi a tashi ɗaya ko biyu. Sannan ki shiga wani banki a can a fasa miki su zuwa ƙananan takardu. Da su za ki daɗe a fili, ba ki koma bin layi ba.

In na'ura ta tambaye ki, ko a kanti aka miƙo miki ita, ki zaɓi pa'anga. In kika zaɓi dala, su za su yi canjin da farashin da suka ga dama, kuma da wuya ya zo miki da sauƙi. Ba sai kin san farashin burodi ba, ki danna kuɗin ƙasar da kike tsaye a cikinta kawai.

Kafin tafiya, ki ja Taniela ku je bankinki tare. Ku tambaya ko suna da katin da ba a caji in an yi amfani da shi a waje, nawa ake iya cirewa a rana, ku kuma gaya musu za ki Tonga don kada su rufe katin. Kada ki ciri tsabar kuɗi da katin bashi, ruwansa yana fara hawa nan take. Canjin filin jirgi ma ki bar shi sai ta kama dole. A nan taimakonsa yake da amfani. Katin kuwa naki ne, a jakarki zai zauna, ki faɗa masa haka cikin ruwan sanyi.

Ki kuma yi masa uzuri. Yaron da aka haifa a Sydney lambobi kawai ya gani a waya, bai taɓa tsayawa kusa da mai rawa ya ga fuskarta ba. Ranar biki, in Kalolaine ta fito, ki danƙa masa 'yan takardu ki tura shi gaba, ya liƙa wa 'yar kawunsa da hannunsa. Idan ya dawo yana neman ƙari, ki ce masa ya yi magana.

Allah ya kai ku lafiya, ya sanya albarka a auren, ya ji ƙan Sitani da ƙanenki.

Anti Losaline