Ƙafar Baba Ta Tafi Kaduna

Kafanchan, Mayu 1989

Yaya Saifuddeen,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Anti Zamzam da sabon firij ɗinku. Mu ma muna nan, numfashi bai ƙare ba tukuna. Da ajami na rubuta, in ya gagare ka, maigadin ofishinku zai karanta maka.

Ka san an tsayar da kuɗin nakasar Baba, wanda gwamnati ke ba shi tun da motar daɓe hanya ta cinye masa ƙafa a aikin titin Gwantu. Wai an daɗe ana biyansa fiye da haƙƙinsa, sai sun cire nasu kafin ya ga kwabo. Na bi sawun maganar, a ƙofarka ta tsaya. Ranar tantancewa kai ka saya masa ƙafar katako da takalmi sau-ciki, ka zuba masa babbar riga, don kada ya shigo Kaduna da sanda ya kunyata ka gaban abokan aikinka. Ya shiga yana taku kamar ango. Aka tambaye shi ya jiki, ya ce Alhamdu lillahi, ya warke sarai. To me dattijo zai ce? Su kuma suka rubuta abin da suka ji.

Yanzu Inna tana kankare citta a gidan Maman Afiniki, hannuwanta duk sun tsattsage. Baba ya daina shan shayi, wai likita ne ya hana shi. Wane likita?

Ka huta lafiya, in za ka iya.

Ƙaninka,
Misbahu

Kafanchan, Yuni 1989

Yaya,

Gaisuwa da tambayar lafiya. Amsarka ta iso, na zazzage ambulan har sau biyu, haƙuri kaɗai ya faɗo. Mun dafa shi da rana, bai kai dare ba.

Masu biyan kuɗin sun ce Baba ya zo likitansu ya ga dungun da idonsa. Baba ya rantse ba zai kwance wando gaban sa'o'in 'ya'yansa ba, ko da yunwa za ta kashe gidan. Inna ta roƙa, liman ya roƙa, a banza.

Shekaranjiya da ya cire ƙafar zai ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai na ɗauke ta, na cusa a buhun citta, na ba Dogara direba ya ajiye a ofishinku da sunanka. Baba ya neme ta har bakin rijiya, ni ma na taya shi nema. Da na faɗa masa gaskiya, buta ya jefe ni da ita.

Ranar Alhamis zai hau jirgin ƙasa ya zo karɓar kayarsa, da tsohuwar sandarsa, ƙafar wando ɗaya a ƙulle. Likitan nan a saman benenku yake. Ka tarbi mahaifinka.

Misbahu

Kafanchan, Yuli 1989

Saifuddeen,

Ina gaisuwa, don addini ya ce a yi.

Baba ya dawo. Likita ya ci karo da shi yana fama da matakala, bai ma nemi ya kwance komai ba. An soke maganar bashi, a baki dai, sun ce kuɗi sai ƙarshen damina. Inna na nan kan cittarta.

Dogara ne ya ɗauko shi daga tashar jirgi ya kai shi har ƙofar ofishinku, shi ya ba ni labarin sauran. Ya ce da abokan aikinka suka tambaye ka wane ne wannan, cewa ka yi wani tsoho ne ɗan garinku. Baba ya ji. Shi ya sa ya ɗora maka ƙafar a kan tebur ya fito, ba mantuwa ya yi ba. Kada ka aiko da ita, ya ce in ta shigo gidan nan murhu za ta.

Ni har yau ba ya amsa gaisuwata, amma dai yana hararata safe da yamma. Kai kuwa, jiya Inna ta ambaci sunanka, ya tambaye ta wane ne.

Wassalam.
Misbahu ɗan mai ƙafa ɗaya