Gawon da na ce yana tsaye

Zuwa ga Malama Rifkatu,

Bayan gaisuwa da ladabi. Ki yi haƙuri da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san ban isa ba, kuma na san ba za ki karanta ba. Ko lokacin da kike raye ban taɓa tare ki da magana ba, sai dai in miƙa littafina in koma benci. Ni ce Hauwa'u Sale, wadda ke zama a layin baya kusa da taga, wadda aka kawo daga Bacirawa a zango na biyu don in zauna da kakata. A aji biyu kika koyar da mu Hausa. Yanzu muna aji uku.

Makaranta tana nan yadda kika bar ta. Iska ta yaye kwanon ajinmu a ƙarshen damina, an mayar. Cikin darbejiyar da muka dasa bayan ofis, huɗu sun rayu, awaki sun cinye sauran. An gama yankan gero, dawa ake yi yanzu. An kawo wanda zai maye gurbinki, Malam Nasiru. Daga Rijiyar Zaki yake zuwa kullum a motar Ɗambatta. Ba ya duka, kuma rubutunsa a allo yana da kyau. Amma ba ya fitar da mu waje.

Kin tuna aikin da kika ba mu? Kowa ya zaɓi itace ɗaya, ya je gindinsa sau ɗaya a mako, ya rubuta shafi guda. Sakin layi na farko abin da ke sama, na biyu abin da ke ƙasa. Dokarki ɗaya ce: kada a rubuta sai abin da ido ya gani, ko kunne ya ji, ko hannu ya taɓa. Lami ta zaɓi kukar bayan gidansu. Ni na zaɓi gawon da ke tsakiyar gonar marigayi kakana, don ba ni da ƙawa a lokacin, kuma babu mai bi ta wurin. Rani ne, duk itatuwa sun bushe, shi kaɗai ne kore. Na rubuta ƙayarsa fara, da 'ya'yansa masu murɗewa, da yadda awaki ke rugowa idan sun ji ɗaya ya faɗo. Sau uku kika karanta shafina a gaban aji. Ban ɗaga kai ba, amma na ji daɗi.

Ga abin da ban faɗa miki ba. An sare gawon nan tun kafin ruwan farko.

Da aka zo rabon gado, an raba gonar biyu tsakanin Babana da ƙanensa, Baffa Idi, wanda nake zaune a gidansa tare da Kaka. Da aka ja igiya, iyaka ta faɗo daidai gindin gawon. Kin san yadda ake yi a nan: ƙasa tana rabuwa, itace ba ya rabuwa. Kowa ya ce nasa ne, da 'ya'yan da ake ba dabbobi, da takin da ke gindinsa. Aka yi zama biyu a ƙofar mai unguwa ba a daidaita ba. Dattawa suka ce a kawar da shi, zumunci ya fi itace. Baba ya koma Kano wurin aikinsa, Baffa ya nemo masu gatari. Motar wani gidan burodi ta kwashe itacen.

Satin nan ne kika koya mana darasi a kan sare itatuwa da yadda ƙasa ke gajiya. Ta yaya zan rubuta cewa gidanmu ne suka yi? In kai ƙarar Babana da Baffana a takarda? Sai na zauna a ɗaki na rubuta gawon yana tsaye. Na ce sau ɗaya zan yi. Na yi mako goma sha ɗaya.

Ban sake bi ta gonar ba, ko da an aike ni sai in zagaya. Da damina ta sauka na ga komai ya yi kore, sai na rubuta cewa gawona ya ƙara ganye, inuwarsa ta yi duhu, ruwa yana ɗiga daga ganyensa a kaina. Na yi ta gyara jimlolin har suka yi kyau. Kika daina karanta shafina a aji. Na ɗauka kin gaji da ni ne. Kika daina sa mini maki, sai tambaya ɗaya da jan biro a gefe, ko na je gindinsa wannan makon. Sau biyar kika rubuta ta. Na ɗauka kowa kike rubuta wa haka.

A dogon hutu muka ji kin kwanta kwana shida kin rasu. Ban je jana'izarki ba. An ce an binne ki a ƙauyenku, bayan coci. Kaka ta je gaisuwa, ta dawo ta ce mahaifiyarki ta san kakana.

Da aka dawo makaranta, shugaban makaranta ya ce za a tuna da ke a taron iyaye da malamai, ɗalibai uku su karanta abin da kika koya musu. Malam Nasiru ya tattara littattafanmu ya duba. Ya zaɓi shafina na damina, ya ce ya fi kowanne tsari. Ya karanta shi a aji don misali. Na ga wasu maza suna kallon juna suna danne dariya. A hanyar gida Lami ta ja ni gefe ta gaya mini cewa gawo ba ya ganye da damina. Da ruwa ya fara yake zubar da shi, ya tsaya tsirara har kaka, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Ta ce ko ƙanenta mai shekara biyar ya san wannan. Ta ce ni da Malam duk 'yan birni ne, sai a yi mana uzuri.

A ranar na sake buɗe littafin na ƙirga tambayoyinki. 'Yar manomi ce ke. Tun shafin farko na damina kin gane. Me ya sa ba ki kira ni ofis ba? Me ya sa ba ki tsayar da ni a gaban aji ba, kamar yadda wasu malamai za su yi? Jira kike in je da ƙafata? Na tambayi Lami, ta ce ita ba ki taɓa rubuta mata wannan tambayar ba.

A lokacin saura kwana huɗu a yi taron. Idan na karanta shafin damina, manoma ne za su cika rumfar, kuma mijinki da 'ya'yanki za su ji ƙarya da sunan abin da kika koyar. Idan na karanta gaskiya, Baffa yana cikin iyayen da za su zo, kuma tuwon gidansa nake ci. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya. Sai na ga wannan ma wani shafin ƙarya ne.

Na je gonar da safe kafin makaranta. Babu abin rubutawa a sakin layi na farko, don babu komai a sama. A ƙasa akwai kututture, faɗinsa ya fi tabarmar salla. An dasa ciyawar gamba a layi ta bi ta gefensa, ita ce iyaka yanzu. Karan geron da ke kewaye da shi ya fi na sauran gonar kauri, ta ɓangaren Baba da ta ɓangaren Baffa duka. Gara ta fara cin gefe ɗaya. Na taɓa shi, na zauna a kai, na rubuta.

Ban gaya wa Malam Nasiru na canja shafi ba. Wannan ma laifi ne, na sani, amma na so in gaya masa, bakina ya kasa. A taron, aka ba ni lasifika. Na fara da cewa shafuka goma sha ɗaya na littafina ƙarya ne, kuma kin sani, ba ki tona ni ba. Sannan na karanta sabon. Na ce daga ɗakin Kaka na ji ƙarar gatari kwana uku. Na ce ga abin da na tarar yanzu. Ban ambaci sunan kowa ba, amma a ƙauye wa bai san gonar ba? Ba a tafa da yawa ba. Mahaifiyarki ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya tashi ya ɗauki kekensa tun ban koma wurin zamana ba.

Kwana takwas ina gaishe shi ba ya amsawa. Matarsa tana miƙo mini kwano ba ta kallona. Kaka ta ce in yi shiru in ci gaba da gaisuwa, don yaro ba ya fushi da babba. Na fara tunanin za a mayar da ni Bacirawa.

Jiya da safe na same shi a ƙofar gida yana ɗaure damin dawa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba, sai ya kira sunana, ya ce na yi kuskure a takardata. Ya ce ba kwana uku ba ne, huɗu ne. Ƙotar gatari ta karye a rana ta biyu, aka yini ana neman wata, shi ya sa ban ji komai ba. Ya ce a rana ta huɗu shi ba ya nan, kasuwar Ɗambatta ya tafi ba da abin saye ko na sayarwa ba, don kada ya ga faɗuwarsa. A gindinsa mahaifinsu ya koya masa riƙon fartanya. Ya ce wanda zai rubuta abu a karanta wa jama'a, ya fara tambayar waɗanda suke wurin. Sannan ya ce in tashi kada in makara.

Na gyara shafin, na soke uku na sa huɗu. Sauran abin da ya faɗa ban sa a littafin makaranta ba, don bai ce in sa ba. Ke kaɗai na gaya wa.

Ban san yadda ake yi muku addu'a ba, Malama. Na ji mutanenku suna cewa Allah ya ba ki hutawa, ni ma haka nake cewa. Akwai abubuwan da nake gani yanzu waɗanda ba na aji ba ne, kuma ban iya faɗarsu da baki ba. Idan ba zai zama rashin ladabi ba, ki yarda in sake rubuto miki?

Ki huta lafiya.

Ɗalibarki ta layin baya,
Hauwa'u Sale