Matar da Ba Ta Juyowa

Chioggia, Italiya, Maris 1953

Ƙanena Fulvio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Buenos Aires ba ta cinye ka ba. Mujallun labarin zanenka sun iso, yaran unguwa sun kusa yaga su wajen rububi. Kyaftin ɗinka mai ido ɗaya ya iya faɗa, ba laifi. Amma ni ba shi nake kallo ba. Akwai wata mata mai kwandon kifi, kullum tana can ƙarshen taro, ta ba mu baya. Na gan ta a kasuwar sahara, na gan ta a tsibirin 'yan fashin teku, har cikin ƙanƙara da takalmin katako! Wace ce? In budurwa ka yi, faɗa mini kafin son sani ya kashe ni.

Yayarka,
Ornella

*

Buenos Aires, Mayu

Yaya Ornella,

Ina gaida ke da kowa. Idonki dai ba ya barin komai! Edita ba ya son fili a shafi, kullum "cika da mutane" yake cewa, hannu kuwa abin da ya sani yake zanawa. Ni kaina ban lura ba, sai da mai bin zanena da tawada ya tambaye ni.

Mama ce. Haka na bar ta a bakin jirgin ruwa ranar da na taho: na kira ta, ta ƙi juyowa don fushi. Na sha gwada juyo da ita, fuskar ta ƙi fitowa. Ni da ke zana fuska ɗari a mako, ta uwata ta ɓace mini, kuma abin na ba ni tsoro. Ki aiko mini da hotonta. Don Allah kada ki gaya mata.

Naki,
Fulvio

*

Chioggia, Yuli

Fulvio,

Muna gaida kai. Ba sai na gaya mata ba. Ashe tuni ta gane, ta manna shafin a hanci, don idonta ya ragu sosai. Ta ce, "Ɗaurin ɗankwalin nawa ne, amma ɗan banzan ya ƙara mini ƙugu."

Na tambaye ta batun fushin. Ta ce, "Wane fushi? Kuka nake! Ɗan masunta guda bai san ba a nuna wa mai shiga teku hawaye ba? So yake jirgin ya nutse?"

Maganar hoto kuwa ta ƙi. Wai mai son fuskarta ya san hanyar gida. Likita ya ce da wuya idon ya kai hunturu.

Ka huta lafiya,
Ornella

*

Buenos Aires, Agusta

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Na jefa kyaftin a kurkuku don labarin ya dakata, masu karatu su yi haƙuri. Jirgina zai tashi ranar Asabar. Ki roƙe ta ta riƙe idon har na iso, ina so ita ma ta ga tawa fuskar.

Fulvio