Takalman Tsoho Onodera

Akita, Japan

Zuwa ga Yaya Sutarmi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ki gaya mini gaskiya, ban da "da sauƙi" irin na wancan karon.

Ni lafiya lau, sai bayana da ke ɗan taɓa ni saboda ɗaga tsofaffi, amma kada Inna ta ji. An mayar da ni wani gidan kula da tsofaffin. Da can makarantar firamare ce, yara suka ƙare a ƙauyen, aka kwashe bencina aka jera gadaje. Allon ma yana nan, a jikinsa muke rubuta lokutan magani.

Akwai wani tsoho, Onodera, a nan ya yi karatu, yanzu tsufa ya rikita shi, a tsohon ajinsu yake kwana. Kullum ƙarfe uku sai ya lallaɓa bakin ƙofa, inda a da ɗalibai ke musanya takalman ciki da na waje, ya rungumi nasa na waje.

"An tashi," in ji shi. "Uwata na jira."

"Kaka, ai yau mu ke da shara," nake ce masa. Sai ya yi tsaki ya mayar da su, don a ƙasar nan ɗalibai ne ke share makaranta, kuma ba sa gudun ranar shara.

Ki aiko mini da man zafi da sabon hoton Inna. Allah Ya saka miki da alheri, ke kaɗai na bar wa ɗawainiya.

Jiya muna sharar ya dube ni ya ce, "Ke kullum shara. Taki uwar ba ta jira ne?"

Na ce masa gobe zan tafi. Yaya, shekara shida ke nan ina gaya wa Inna haka.

Ƙanwarki,
Ngatini