Hannun da Na Ɗaga a Wajen Tuta

Zuwa ga 'yar'uwata Raelene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zafin garin Dubbo bai ƙone ki ba. Ki gaida Gwaggo.

Nan muna nan da kulob ɗinmu na 'yan ceto a bakin teku. Tun da teku ya ci yaran masunta a zamanin Kaka suka kafa shi, har yau ba sa barin kowa ya manta. Ƙatti da gemu, kyauta suke yi, amma ki gan su da hular jarirai ja da rawaya ɗaure a haɓa, suna fareti a yashi kamar agwagi. Mata kuwa sai shafa bota a burodi.

Lindsay ne kaɗai daban. Idonsa irin na jarumin littafin da kika ara mini. Ban taɓa iya ce masa sannu ba. Rawar kulob ta kusa, kuma dole ya san da ni. Ran Lahadi zan shiga ruwa in wuce tutocin da suke kafawa don nuna iyakar wurin iyo, in ɗaga hannu kamar mai neman ceto, ya zo ya ɗauko ni.

Taki,
Narelle

Narelle sarkin mafarki,

Ina amsawa. Ke da ba kya iya tambayar mai shago canji, teku za ki yi wa wasa? Wannan Lindsay ba shi ne mai duba gashinsa a gilashin mota ba? Ki zauna tsakanin tutocin nan, don Allah.

Raelene

Raelene,

Barka da war haka. Wasiƙarki ta makara.

Na fita, na ɗaga hannu a hankali yadda zai yi kyau. Sai ruwan ya ja ni da gaske. Na sha gishiri har na manta sunan Lindsay. Aka kaɗa ƙararrawa. Su kuma dokarsu, wanda ya fi kusa da ɗamarar igiyar ceto shi zai ɗaura ya shiga ruwa, wasu su jawo igiyar daga tudu. Kin san wa? Tsoho Cec mahauci, da tumbinsa! Ya cafko ni yana haki: "'Yar gidan Doug, makauniya ce ke? Tuta har biyu!" Lindsay yana can tudu yana naɗe igiya, yana yi wa 'yan kallo murmushi.

Suka kifa ni a yashi gaban duk gari. Da Cec ya gama zagina sai ya lulluɓa mini tawul ɗinsa. Baba ya ce in yi musu aikin rumfar gasa nama har ƙarshen bazara.

Taki a wulaƙance,
Narelle

Raelene,

A gurguje. Jiya Lindsay ya zo rumfa, ya jingina, ya ce, "Ke ce kifin da na jawo? Zo mu je rawa, Noeleen." Ko sunana bai riƙe ba!

Na ce, "Cec ne ya jawo ni." Na miƙa masa naman da ya fi ƙonewa, na kira na bayansa.

Sai mun haɗu,
Narelle