Ni na rage wa Baba Malam matsayi a shafin Mai'adua, shi aka sauke

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana. Masu karatu kuma ina roƙonku ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Ni mace ce, shekarata ashirin da tara, a Daura nake, kwamfuta na karanta. Ina aiki da wata ƙungiyar manoma da makiyaya mai rassa huɗu: Daura, Zango, Mai'adua da Dutsi. Kowane reshe da shafinsa na intanet, amma duka a haɗe suke a dashbod ɗaya, wato wurin da ake shiga a sarrafa su, kuma ni ce babbar admin. Ni ke buɗe wa mutum akawun, ni ke ba shi matsayi. Wanda na ba edita, da ya danna sanarwarsa ta fita, nan take saƙo ya shiga wayoyin mutanen reshensa. Wanda na ba marubuci kawai, rubutunsa zai tsaya har sai na amince.

Editan Mai'adua dattijo ne, tsohon malamin gona, aminin marigayi mahaifina. Baba Malam nake ce masa. Shi ya kai takarduna ƙungiyar, ya tsaya kai da fata har aka ɗauke ni. Farkon damina na yi wani kuskure, na ba sabon editan Dutsi izinin shiga duk shafuka huɗun maimakon nasa kaɗai, shi kuma cikin rashin sani ya goge jadawalin rigakafin dabbobi na Mai'adua. A ranar na gyara. Amma da muka zo taron wata, gaban shugaba da kowa da kowa, Baba Malam ya ce, "Shugaba, a ja wa yarinyar nan kunne. An damƙa mata mabuɗan gidaje huɗu, tana rabon su kamar goron suna." Aka kwashe da dariya. Ni kaɗai ce mace a ɗakin, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Me ya hana shi ya kira ni gefe? Haka na yi ta maimaitawa a raina har na koma ofis. Ina zama na buɗe dashbod, na nemo sunansa, na sauke shi daga edita zuwa marubuci. Wallahi Anti niyyata kwana biyu ce, ya rubuta ya ga bai fita ba, ya kira ni ya nemi taimako, ya san wa ke riƙe da mabuɗan. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne Baba ba ya karanta rubutun kan maɓalli, wurinsa kawai ya haddace, shuɗi a hannun dama. Ko an rage maka matsayi maɓallin yana nan inda yake, rubutun kansa ne kawai ke canzawa.

Ranar Alhamis da la'asar wani mai feshi ya wanke tankin maganin ƙwari a wani tafki da shanu ke sha a bayan gari. Labari ya iske Baba, ya rubuta gargaɗi kada kowa ya shayar a wurin, ya danna shuɗin maɓallinsa, ya hau babur ya zaga rugagen da ke kusa. Na nesa kuwa ya sakankance saƙo ya isa wayoyinsu. Ni a lokacin ina gidan kitso, wayata ta yi ƙara, na ga rubutu ɗaya daga Mai'adua yana jiran amincewa. Kun san abin da na yi? Murmushi na yi, na kife wayar, ko buɗewa ban yi ba. Na ce ya ɗan jira. Da safiyar Juma'a wani makiyayi, Malam Buba, ya gangaro da garkensa daga wajen iyaka ya shayar a tafkin. Shanunsa biyar suka mutu, har da saniyar da iyalinsa ke tatsa.

Sai ga labarin ya iso min. Maimakon in kira shugaba in faɗi gaskiya, sai na shiga dashbod na mayar da Baba edita, rubutun nasa kuma na mayar da shi cikin waɗanda aka ajiye ba a gama ba, kamar bai taɓa aikawa ba. Wace irin zuciya ce wannan? Yaushe na zama haka? Da aka zauna bincike shugaba ya juyo ya ce min, "Malama, ke ce kike ganin komai a ciki. Me ya faru?" Na ce, "Ranka ya daɗe, rubutun yana nan a ajiye, ba a danna wallafa ba." Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Wallahi na danna! Da wannan yatsan na danna!" Ya kalle ni, na sunkuyar da kai ina latse-latsen kwamfuta. Sai ya koma ya zauna, ya ce a hankali, "To. In 'yata ta ce ban danna ba, ban danna ba. Tsufa ne." A nan aka sauke shi. Daga baya na ji ya je har rugar Malam Buba neman gafara, ya miƙa hannu, mutumin ya ƙi karɓa. Dattijon da a da kowa ke kai masa zangarniya ya duba masa cuta, yanzu ranar kasuwar Mai'adua nuna shi ake yi da baki.

Na zaci iyakar azabar ke nan, sai ga shi makon jiya ya shigo motar haya har gidanmu, da ƙullin gyaɗa ya kawo wa mahaifiyata, da tsohuwar kwamfutar da ya aro. Bayan sun gaisa ya ce min, "'Yata, zauna ki koya min abin nan tun daga farko. Ba don su mayar da ni ba. So nake in gane inda na kuskure, abin ya hana ni sukuni, ko salla nake shanun nan nake gani." Na zauna kusa da shi ina nuna masa abin da ya riga ya iya, yana rubutawa a ɗan littafi, yana cewa in maimaita. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce, "Maganar da na yi miki a taro, ki yafe min. Ga shi ni na yi kuskuren da ya fi naki." Anti, bakina ya buɗe zan faɗa masa, wallahi ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Ba komai Baba, Allah ya tsare hanya."

Yanzu ga inda nake. Saboda abin da ya faru, ƙungiya ta ɗauko wani masanin kwamfuta daga Katsina zai zo ranar Litinin ya duba matsayin kowa a shafukan. A cikin dashbod akwai rajista da ke rubuta duk canjin da aka yi, da sunan wanda ya yi, da rana da lokaci. Sunana yana nan sau uku. Ni kaɗai ke da ikon goge rajistar, jiya na buɗe ta na kai hannu na kasa. In na goge, Baba zai mutu yana ganin shi ya kashe shanun bawan Allah. In na bari, baƙo ne zai karanto sunana a gaban taro. In na riga su na faɗa, aikina ya tafi, mahaifiyata mai hawan jini ce, kuma Baba Malam shi danginmu suka tsayar ya ba da aurena bayan Sallah. Da wane ido zan kalle shi? Shi zan fara samu, ko shugaba, ko Malam Buba? Akwai tuban da Allah zai karɓa ban wanke sunan dattijon nan ba?

Kwana uku suka rage min. Don girman Allah ku faɗa min, me zan yi?