Dattijo Ba Na Sayarwa Ba Ne

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Madam Rosa za ta rufe kantin sayar da dabbobi ƙarshen wata, gwiwoyinta sun gaji. Shekara tara ina share keji a wurinta, nan Bronx. Tsuntsaye da kifaye za a karyar da su. Mesa da guza wani gidan dabbobi ya karɓa, su tafi lafiya, ni dama ban taɓa yarda da mesar nan ba. Saura Dattijo, ƙaton kunkurun da ke yawo tsakanin kantoci, ya fi buhun gero nauyi. Su Madam kuwa Tank suke ce masa. Ba na sayarwa ba ne, ɗan gida ne. Wai wata gona a Arizona za ta aiko mota a ɗauke shi.

Ban iya cin abincin rana ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Irin kunkurun ƙasarmu ne sak. Ranar da na fara aiki na gan shi, sai ga tsakar gidanmu na Damagaram a idona: dalbejiya, randa, da Maigari, kunkurun kakana, ɗaure a turkensa yana tauna ɓawon kankana. Ina tsallen ƙoƙon bayansa Inna tana zagina. A gidanmu ba a sayar da kunkuru, ba a kyautar da shi, gadonsa ake yi. To wanda na ciyar shekara tara ai nawa ne, ko a gaban alƙali.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na je Flatbush wurin Ishiyaku, wan Habsatu matata. Yana da ɗan fili bayan gida. Ya yi ta dariya. "Hamidou, mutane na neman green card, kai kana nema wa kunkuru masauki?" Ya dai yarda. Lokacin sanyi a sauke shi basement, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kusa da hita. Ya ce katangar katako ce, Dattijo zai haƙa ƙarƙashinta cikin yini ɗaya. Na ce wannan ba matsala, na san maganinta.

Habsatu ta ce sabo turken wawa. Na ƙyale ta.

Talata, 15 ga Oktoba

Madam ta amince in ɗauke shi! Ta ce ba wanda ya san shi kamar ni.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Yau na sha kunya.

Na zo da injin huda da igiya. Nufina in yi ɗan rami a gefen ƙoƙon, ta baya, in zura igiya, yadda ake yi a gida. Na durƙusa ke nan Madam ta fito. Ihun da ta yi har aku ya ɗauka. Na ce mata wannan ai kamar yanke farce ne, mu muka san kunkuru, a ƙasarmu aka halicce shi, ita a littafi ta karanta. Na faɗa da zafi, na sani.

Ba ta yi musu ba. Ta kama hannuna ta ɗora a bayansa. "Scratch," in ji ta. Na sosa. Wallahi sai ga Dattijo ya miƙe ƙafafu, yana karkaɗa gindi hagu da dama, yana turo bayan cikin hannuna. Shekara tara ina wanke shi da tiyo, ban taɓa sosa shi ba. Ta ce ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, ko ƙuda ya sauka yana ji.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ramin Maigari na farko ya tsage ina ɗan shekara goma, Baba ya sake wani. Da ƙusa ja wur daga murhu. Ni na danne shi. Na tuna ƙaurin, na tuna hucin da ya yi ta yi, muna dariya wai fushi yake. Kwana bakwai bai fito da kansa ba. Inna ta ce girman kai ne.

Baba ba mugu ba ne. Shi ke ba shi rama da hannunsa. Haka ya tarar ana yi.

Talata, 22 ga Oktoba

Madam ta ce maganarta tana nan, in kai shi Flatbush, amma ba huda. Na koma na auna filin Ishiyaku da ƙafa. Taku shida da huɗu. Sannan wata biyar a basement, ba rana. Na zauna kan matakala har Ishiyaku ya leƙo ya ce ko lafiya.

Litinin, 28 ga Oktoba

Motar Arizona ta zo da hantsi. Ni na ce Madam ta kira su. Na gaya wa Habsatu katangar wanta ce ba ta da ƙwari, shi ke nan dalili. Ta ce to.

Mu huɗu muka ɗaga shi muka sa a akwati. Na tambayi direban yadda wurin yake. Ya ce rairayi ne da rana, kowane kunkuru yana haƙa raminsa inda ya ga dama, sai su kwana biyu ba su ga wani ba. Na ce ya faɗa musu gefen hagu ya fi so a sosa masa. Ya ce zai faɗa. Ban yarda da shi ba, na karɓi biro na rubuta a jikin akwatin da manyan baƙaƙe.